Kwanon Gidan Mai Agogo

Duk wanda ya bi ta layin su Furera a Kambarawa bayan la'asar, hancinsa zai yi masa ƙarya. Zai rantse wani mai hali ne ya yanka rago, alhali matar mai gyaran agogo ce ke soya albasa guda da ɗan man shanun da bai cika cokali ba.

A cikin birni aka haifi Furera, wajen Ƙofar Guga, kuma a hannun kakarta mai sayar da daddawa ta tashi. Tsohuwar ba ta yarda a zubar da ko ruwan wankin shinkafa ba, kuma duk jikar da ta bar ƙanzo a tukunya sai ta sha ranƙwashi. Da wannan tarbiyya aka kai Furera gidan Malam Dabo, a zamanin da gyaran agogo yake sana'a. Lokacin duk ma'aikacin da ya ɗauki albashin farko sai ya ɗaura agogo, ko da bai cika zuwa ofis a kan lokaci ba. Da waya ta shigo, kowa ya koma duba lokaci a aljihu. Malam bai rufe rumfarsa ba, yana nan yana canza batir, yana ɗan gyaran tocila. Amma abin da yake miƙa mata na cefane da safe, yana miƙawa ne yana kallon gefe.

Ita kuwa ba ta taɓa cewa ya yi kaɗan ba. 'Ya'yansu duk sun yi aure sun watse, saura su biyu a gidan, sai ta mai da ɗakin samarin ya zama rumbunta. Da kaka, lokacin da mutanen ƙauye ke shigowa da hatsi farashi na ƙasa, take tsare Malam sai ya auno dawa da masara, ko da zai yi wata yana tafiya kasuwa a ƙasa. In tumatir ya yi arha har masu shi na roƙon a saya, sai ka ga saman kwanon gidanta ya yi jajir da kauɗa. Dusa ma ba ta sayarwa. Tarawa take yi wa ƙawarta Mairama, wata Bafulatana da ke shigowa da nono daga wajen Batagarawa, ita kuma ta bar mata curin man shanu. Babban sirrinta kuwa awara ce. Takan yanka ta ƙanana, ta soya har ta yi tauri, ta jefa a miya tare da ƙashi guda da ta sa aka karɓo mata wajen mahauci dab da zai tashi. A duhun bayan magariba, sai mai dogon bincike ne zai ce ba nama yake tauna ba.

Duk wannan wahala saboda majalisa take yin ta. A layin nasu, in an idar da sallar magariba, magidanta kan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan Alhaji Babaji mai hatsi, kowa ya shiga gida ya fito da kwanonsa, a jera a tsakiya a ci tare. Tun gashin Malam Dabo na baƙi yake zama a wurin. Can yake dariya, can yake musun siyasa har jijiyar wuyansa ta tashi, can ne kaɗai har yanzu ake tambayarsa ƙarfe nawa don a tsokane shi. Furera ta san in aka raba shi da tabarmar nan an gama da shi. Kuma, a faɗi gaskiya, tana jin daɗin yadda kwanonta ke dawowa kamar an wanke. Mace ce mai son a yaba mata, ba ta kuma ɓoye hakan.

Da tsadar nan ta shekarun baya-bayan nan ta kankama, sai wani abin mamaki ya faru. Kowa na kuka a kasuwa, amma kwanukan majalisa sai ƙara kyau suke yi. Malam ya riƙa dawowa da labari: yau gidan Siddiq tela an sa tsoka manya-manya, jiya gidan Alhaji har da kaza. Da farko yana faɗa yana lashe baki, daga baya ya koma faɗa a sanyaye. Ran nan dai ta gama kwashe tuwo, ta rufe kwano, sai ta gan shi ya shigo daga masallaci ya jawo kujera 'yar tsugune ya zauna a tsakar gida.

"Malam, tuwon ga zai huce," in ji ta.

"Aje shi nan. Na bar zuwa."

"Wa ya taɓa ka?"

"Ba wanda ya taɓa ni. Ni dai na gaji da cin naman mutane ina kai masu waken suya. Su ba su sani ba, amma ni na sani."

Haka aka shiga kwanakin da Furera ba za ta manta ba. Namijin da ya saba hira a waje, in ya zauna a gida, masifa ne. Ya ce wutar ta yi yawa, ya ce gishirin bai ji ba, ya kwance mata rediyo wai zai gyara alhali lafiyarta ƙalau, ya mayar ya bar ƙusa biyu a waje. Ita da ke sauraron shirinta a natse tana tsince wake, sai ga mutum a kanta yana tambayar me ya sa ake jiƙa waken tun dare. Ta yi ta cije baki. Amma abin da ya fi damunta ba wannan ba ne. Ta lura in an sallame salla ta bayan layi yake zagayowa don kada ya wuce ta gaban abokansa, kuma in dariyarsu ta tsallako katanga sai ya tsame hannunsa daga tuwo. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai.

Wata yamma ta leƙa gidan Zulaihat, matar Siddiq tela, don karɓo rariyarta da aka ara. Ta yi sallama ta shiga, sai ta tarar ana rabon abinci. Zulaihat na tsugune gaban tukunya da ludayi, tana tsamo nama ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kwanon da za a fitar waje. Da ta tabbatar ba saura, sai ta tsiyaya ruwan zafi a abin da ya rage, ta juya, ta zuba wa 'ya'yanta huɗu. Yaran da gani sun saba, idanunsu dai na kan kwanon da aka rufe.

"Ke Zulai, mi nike gani haka?" in ji Furera. "Gida bai ƙoshi ba za a kai ma dawa?"

Zulaihat ta ɗago, ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yaya, ke ce za ki tambaye ni? Ai ke kika ja mana."

"Ni?"

"Ke mana. Kullum Baban su Zainab ya dawo sai ya ce, dubi gidan mai agogo, mutumin da ba shi da komi, amma miyarshi nama zuƙu-zuƙu, ga man shanu. Ya ce shi ba za a ga kasawarshi ba. Hajiyar Alhaji ma haka take fama. Mu dai mun rasa inda kuke samu."

Furera ta karɓi rariyarta ta fito ba ta ko yi sallama da kyau ba. Kunya ce ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ita tana can tana murna ta rufa wa mijinta asiri, ashe rufin nata ne ya hana yaran maƙwabta cin nama, ya kuma zagayo ya koro mijin nata gida. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Da ta isa gida ta zayyana wa Malam komai. Ya ce to sai ta koya wa Zulaihat dabarar awarar, a huta.

"A'a," in ji ta. "In kowa ya koyi ƙaryar, gobe wani zai ƙaro tashi. Gobe tuwon dawa zan tuƙa da miyar kuka, daddawa da barkono kawai. Kai za ka kai shi da hannunka, ka kuma hwaɗa masu gaskiya."

"Ki tona mani asiri gaban mutane?"

"Malam, nawa za a tona. Kai agogo aka san ka da shi, ni aka sani da miya."

Washegari Furera ta yi girkin da ya fi kowanne yi mata wuya a rayuwarta. Sau biyu hannunta na kaiwa ga kwalbar man shanu tana janyewa. Ta kaɗa kukar ta fito baƙa wuluk, ba ƙashi ba awara, ko ƙamshin kirki bai tsallaka katanga ba. Ta rufe kwano kamar mai rufe abin kunya. Malam ya dawo daga masallaci, ya tsaya ya daɗe yana kallon kwanon, ya gyara hularsa, ya ɗauka ya fita. Ita kuwa ta saɗaɗa ta laɓe a zaure, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

Ta ji an tare shi da shewa, ana ina ya shige, wani na cewa ko batirinsa ne ya mutu. Aka gaisa aka sake gaisawa. Sai ta ji ƙarar buɗe murfin kwanonta.

"Dabo," muryar Alhaji Babaji ce, "yau ina naman?"

"Babu shi, Alhaji. Kuma wanda kuka daɗe kuna ci kuna sa albarka, awara ce."

"Awara?"

"Awara. Ta waken suya."

Wani ya fara ƙyalƙyalewa, sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya. Alhaji na tari yana dariya yana salati. "Amma matar ga ta cuce mu!" in ji shi. "Kajin Hajiya kaf mun cinye su saboda ita. Shekaranjiya zakaran ƙarshe munka yanka, yanzu ba mai tashe mu da asuba!" A cikin hayaniyar Furera ta tsinkayi dariyar mijinta, irin wadda yake yi har da buga cinya, ta sauke ajiyar zuciya.

Ta leƙa ta kafar ƙyaure. Siddiq tela kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya zauna kansa a sunkuye, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki kwanonsa da ba a riga an buɗe ba, ya miƙe ya shige gidansa. Ba wanda ya tambaye shi. Jim kaɗan sai ihun yara ya tashi daga gidan, ana ni ne babba, ni za a fara ba, Zulaihat na tsawa tana dariya. Siddiq ya fito ba kwano, ya wanke hannu a buta, ya matsa kusa da Malam Dabo ya gutsuri tuwon dawa.

Furera ta share idonta da bakin mayafi, ta koma ciki. Ta buɗe ɗakin hatsi ta tsaya tana kallon buhun dawa, don ta ga alama daga gobe sai ta ƙara gari a tukunya.