Ganyen Inna Dijja da Ƙafafun Mushe Idi

Har yau ban mance da ranar da Malam Idi na lakwal, wato makarantar boko, wanda muke kira Mushe Idi, ya shigo asibitinmu na Filinge da ƙafarsa ba. Shekarar babban fari ce, ina ƙaramin ma'aikacin jinya a ƙarƙashin Majo Sumana, shugabanmu.

Wata uku kafin nan a amalanke aka kawo shi, ƙafafu sun sage, ido ɗaya ya dushe. Likitan Yamai ya ce cuta ce mai cin rigar jijiyoyi, kuma ba ta da magani. Sai ga shi yana takawa da sanda. Ya ce wata tsohuwa makiyayiya, Inna Dijja, ke dafa masa wani ganye.

Na ruga wurin Majo na ce, "Mun samo maganin da ya gagari Yamai!"

Ya ce, "Zauna, ƙanena. Wannan cuta takan lafa da kanta, ta dawo. Amma je ka ga tsohuwar."

Ƙa'idar aiki ita ce a busar da ganyen tsakanin takardu, a rubuta sunansa da inda ya fito da yadda ake sha, a aika Yamai a auna.

Na iske tsohuwar kusa da garin Bankuku, shanunta sun ƙare saura biyu. Muka yini cikin fadama muna neman ganyen, awaki sun cinye komai. Da ƙyar muka samu tushe ɗaya, ta tsinko rabi ta bar rabi.

Na ce, "Inna, kin warkar da shi."

Ta ce, "Ɗana, kada ka ɗora mini. Ganyen nan ɗaurewar ƙafa yake saki, mutum ya samu barci. Sauran na Allah ne, kuma na faɗa masa."

Na busar da ganyen na aika. Amsar Yamai ta zo bayan watanni: ganyen ya yi kaɗan, a ƙaro. Inna kuwa ta bi shanunta kudu. Da bazara cutar ta dawo wa Mushe Idi. A zaune ya ci gaba da koyarwa, shekara da shekaru.

Ku yara masu koyon jinya, kada ku raina ganye, wataƙila akwai abin da awo zai gano cikinsa. Amma ni mai farar riga na kusa yi wa mara lafiya alkawarin da mai maganin da kanta ta ƙi yi masa.