Sai Gam Ya Bushe

Ɗazu warin gam ya buge ni, sai na tuna kawuna, kafinta a unguwar PK8, can ƙasar waje inda muke baƙunta. In zai haɗa kabad, a hankali yake murza ƙarfen matse katako, kunnensa a jikin allon, har gam ya tsatso.

Shekarar da aka karya darajar sefa, ana ta kamen baƙi. Wata rana yana cikin murzawa motar jandarmomi ta tsaya. Katin zamansa ya ƙare. Suna tura shi mota ya waigo ya ce mini, "Ɗana, gam bai bushe ba. Bar shi, ni zan kwance."

Labarin rasuwarsa ne ya dawo. Ƙarfen ya yi tsatsa, har yau ban kwance ba. Allah Ya yalwata kabarinsa.