Ranar da Na Rufe Idon Hagu

Ni tela ne. Shekara talatin da 'yan kai na yi a rumfata da ke bakin hanyar Kunci, kuma abin da aka san ni da shi aikin hannu ne a wuyan babbar riga. Ban taɓa sha'awar bindiga ba. Amma a shekarar da labarin masu zuwa a kan babura ya fara matsowa daga wajen Shanono, hira a bakin rumfa ta canza. Yau a ce an kore shanun wane, gobe a ce an tafi da matar wane. Wata rana da la'asar na kalli 'ya'yana mata uku suna sussukar gero a tsakar gida, na ga ko itace mai kauri babu a ɗakina. Washegari na tafi wurin Kawu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, tsohon soja, ya haura saba'in amma bayansa a miƙe yake. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ka taɓa harbi?"

Na ce ban taɓa ba.

"To ba bindiga kake nema ba tukuna, koyo kake nema. Wanda bai iya ba, shi da iyalinsa zai fara yi wa illa."

Ya ba ni labarin wata 'yar ƙaramar bindiga da aka fara koya musu saiti da ita, suna ce mata tu-tu. Harsashinta bai fi kan ƙaramin yatsa ba, ba ta dukan kafaɗa, ba ta da ƙara sosai, kuma harsashin da araha, mutum zai yini yana harbin gwangwani bai ji a jikinsa ba. Ya ce in da za a samu, da ita ya kamata in fara.

Muka shiga mota zuwa Kano. A Bacirawa muka sauka gidan wani abokin aikinsa na da, mutumin Barno ne da ya daɗe a Kano har Hausa ta zama bakinsa. Da Kawu ya faɗa masa abin da ya kawo mu, sai ya girgiza kai. Ya ce irin wannan ba a ba talaka lasisinta, duk ƙanƙantarta doka a layin manyan take ajiye ta. Ya ce akwai masu kawowa ta bayan fage, in muna so. Kawu ya ɗaga masa hannu.

"Ban kawo ɗan 'yar'uwata birni don in kai shi kurkuku ba."

Saura zaɓi biyu. Ko bindigar toka ta maƙeri, wadda Kawu ya ce ya san mutum biyu da ta fashe a hannunsu, ko bindigar iska mai harba 'yan ƙwayoyin dalma. Abokin nasa ya raka mu wani shago da ake sayar da kayan farauta da na kamun kifi. Mai shagon ya sauko da guda biyu. Ɗaya baƙa ce mai sheƙi, da madubin hange a samanta, raina ya kwanta da ita nan take. Ɗayar gindinta katako ne, ta fi nauyi, ana karya ta a tsakiya a sa ƙwaya. Kawu ya karya ta, ya leƙa cikin bututun ta wajen haske, ya gwada kunamar da yatsa, ya ɗora mini ita a kafaɗa don ya ga tsawon ya yi mini.

"Wannan," in ji shi. "Madubi na ragwaye ne. Ka fara koya da idon da Allah Ya ba ka."

Da muka dawo, Kawu ya sa na kai ta wurin mai unguwa da wurin 'yan sanda, kowa ya san da ita. Sai kuma neman wurin harbi, wanda ya cinye mana kusan mako. A ƙasarmu duk inda ka juya baki akwai mutum a bayansa: gona ta jingina da gona, gida na kallon gida, ga masu ɗibar ruwa, ga awaki a ɗaure a gindin kowace bishiya. Daga ƙarshe muka samu ramin da masu aikin titi suka haƙi ƙasa, mai zurfi, bazara ta busar da shi.

Da hantsi muka sauka ciki. Kawu ya jera gwangwanayen madara uku a jikin gaɓar ramin, ya auna taku ashirin, ya ja layi da ƙafa. Ya gyara mini tsayuwa, ya nuna mini yadda zan manna kunci a katakon, yadda zan saki numfashi kafin in ja.

"Yanzu rufe idon hagu. Ka haɗa tsinin da ke bakin bindigar da tsagar da ke bayanta, ka ɗora a kan gwangwanin tsakiya."

Na rufe idon hagu. Gwangwanin ya ɓace. Gaɓar ramin ta ɓace, bakin bindigar ma ya ɓace. Abin da ya rage wani duhu ne mai kama da hayaƙin ɗanyen itace, da ɗan haske can a gefe ɗaya. Na buɗe, komai ya dawo. Na sake rufewa.

"Harba mana," in ji Kawu. "Tsoro kake ji?"

"Kawu, ba na gani."

"Gwangwanin?"

"Komai."

Ya karɓe bindigar ya jingine ta. Ya rufe mini idon hagu da tafin hannunsa, ya tambaye ni yatsu nawa ya ɗaga. Na ce ban ga hannun ba balle yatsu. Ya daɗe bai cire tafinsa daga fuskata ba. Sannan ya koma ya zauna a kan wani tudun ƙasa, ya cire hula.

"Haka ya fara wa Yaya," in ji shi.

Mahaifiyata yake nufi. Ta makance ina saurayi, ba ciwo, ba ja, idon fes kamar na kowa. Aka yi ta rubutu da turare har ta rasu ana jan ta da sanda. A ramin nan na fara tuno abubuwan da na daɗe ina ɗora wa tsufa: yadda kafaɗar dama ke bugun ƙyauren rumfa, yadda nake ture kofin shayi, yadda zare ke wuce kafar allura sau uku sau huɗu kafin ya shiga.

A asibitin ido da ke Kano wata likita ta duba ni, ba ta girmi babbar 'yata da yawa ba. Ta ce hawan jinin ido ne, kuma yana bin dangi. Ba ta yi mini kwana-kwana ba.

"Baba, na dama ya riga ya tafi, ba zai dawo ba. Na hagu ma ya fara. Shi za mu yi ƙoƙarin riƙewa. Za ka riƙa ɗiga magani safe da yamma har ƙarshen rayuwarka, kuma ka turo 'yan'uwanka a duba su."

Kawu bai bar ni na ajiye koyon ba. Ya mayar da ni kafaɗar hagu, muka yi ta komawa ramin har ruwan farko ya cika shi. Na kai ina kayar da gwangwani biyu cikin uku. Ban ji daɗin da na zata ba, domin na riga na gane ƙwayar da ke huda gwangwanin madara ba za ta tare kowa a ƙofar gidana ba. Da kaka na ba wani maƙwabcina aronta yana korar tsuntsaye daga dawa, har yau tana wurinsa.

Aikin wuyan riga na daina karɓa. Riga ta ƙarshe da na yi, mai ita ya dawo da ita ya nuna mini inda layi ya karkace. Yanzu ɗinkin keke kawai nake yi, shi ma sai rana ta ɗaga.

Ƙanwata ta je an duba ta, an samu ya fara mata, tana ɗiga magani. Ƙanena direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Kunci da Kano kullum. Na same shi a tasha na roƙe shi ya rufe ido ɗaya ya kalli allon da ke tsallaken titi. Ya yi dariya, ya ce lafiyarsa ƙalau.

"To rufe mana, in gani."

Ya daina dariyar. Ya ce, "Yaya, in na rufe na ga abin da ka gani, wa zai ciyar da mutum tara?"

Ya shiga mota ya tayar. Har yanzu bai je ba.