Malam Ya'u Ringim da Dutsen da Bai Sami Suna Ba

Haihuwa da karatu

A garin Ringim aka haifi Malam Ya'u a shekarar 1961, ɗa ne ga Malam Abdulbaƙi maɗinki da Ladidi. Ya sauke Alƙur'ani a 1975, ya kammala firamare, daga nan boko ya tsaya.

Aiki

A 1982 ya shiga wata masaƙa a Bompai, cikin Kano, daga bisani aka mayar da shi Sharada, inda ya shekara ashirin yana duba yadi yayin da yake gudu a inji. Idonsa ba ya ƙetare aibi ko da bai wuce ƙwayar gero ba. Da masaƙar ta durƙushe a 2007, ya koma kamfanin robobi a Challawa.

Aure da 'ya'ya

Ya auri Uwani a 1986. 'Yarsu ta fari ta zo a 1988, ya yi mata huɗuba a kunne, ya adana sunan sai ranar bakwai. Ta koma ranar shida, rago na ɗaure a tsakar gida. Ba wanda ya taɓa jin sunan nan daga bakinsa, har uwar da ta haife ta, kuma wannan ya ci ran Uwani matuƙa.

Gano dutsen

A 2013 abokin aikinsa Ishaya, mutumin Kagoro, ya shigar da shi ƙungiyar 'yan sa-kai masu duba hotunan sararin samaniya a kwamfuta. Mai ido irin nasa, ai an kai kura mahauta. Cikin hotuna huɗu ya hangi ɗigo guda yana matsawa, taurari kuwa suna tsaye. Masana suka tabbatar dutse ne mai faɗin kilomita biyu, tsakanin duniyoyin Mirrihi da Mushtari, yana kewaye rana cikin shekara huɗu da wata huɗu. Suka ce wanda ya gano shi ne zai ba da suna, amma sai an tantance falakinsa, wato hanyar da yake bi, abin da kan ɗauki shekaru.

Tun ranar, in ana maganar dutsen, Malam bai ƙara cewa "shi" ba, sai "ita". Duk wata goma sha biyar, idan dutsen ya kusanto duniya, yakan fito da zanen goyon jaririyar nan da ta koma ya shanya, ya ce, "Uwani, ta kusa." Uwani takan kau da kai ta ci gaba da aikinta.

Ƙarshen rayuwa

Izinin ba da sunan ya iso ranar wata Asabar a 2024. Ishaya ya ce, "Malam, ku faɗi sunan mu aika yau mana."

"Wa ya taɓa raɗa suna ranar haihuwa?" in ji Malam. "Sai bakwai."

Ya sayi rago, ya rarraba goron gayyata. Ranar Alhamis da hantsi, kwana na shida, aka same shi zaune da zanen a cinya, rai ya yi halinsa.

An yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi a Zawaciki, ragon kuwa aka yanka shi a sadakar uku. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Muhsin, Aina'u, Saudat da Badi'a. Dutsen yana nan yana kewayawa da lamba kawai, babu suna. Duk wata goma sha biyar, Uwani ce yanzu take shanya zanen. Allah ya jiƙansa da rahama.