Ƙayar da Baba Ya Sare

Babana bai taɓa yarda akwai ƙasar da ba ta son fartanya ba. Shekara talatin yana Jidda, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ce direba ne, amma hannunsa na manomin Damagaram ne. Can kudu da unguwar Karantina, inda gine-gine suke ƙarewa, akwai wani kwari da ruwa ke kwantawa in an yi sa'a sama ta zubo. Nan ya share 'yar gona, ya shuka kuɓewa da yakuwa da rama. Kullum bayan la'asar sai ya loda jarkoki a tsohuwar motar kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a kan iƙamar, ya tafi ban ruwa. Mamana takan ce ya fi sanin ganyen ramarsa a kan shekarun 'ya'yansa, kuma ba ta yi masa ƙarya ba.

Kewaye da gonar gajerun itatuwan ƙaya ne, tsuntsaye fal a ciki, har da baƙin da kan sauka lokacin sanyi su wuce. Shekarar da na yi aure, baladiyya, wato hukumar gari, ta kafa allo a bakin kwarin. Ni ce haifaffiyar nan, ni na yi makaranta, sai ya ɗauke ni in karanta masa. Na faɗa masa dalla-dalla: an keɓe wurin saboda itatuwan da tsuntsayen, ba gini, ba kiwo, ba sara, kuma masu dubawa na tafe.

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Ke 'yar nan, boko ya ɓata ki. Wace hukuma ce za ta tsaya gadin ƙaya? So suke su ga wa ke aikin wurin, wa ya bar nasa ya zama daji."

"Baba, wallahi mamnu' ne, an hana. Kada ka taɓa ko reshe ɗaya."

"Halas, shi ke nan, na ji."

Na san irin wannan "na ji" ɗin nasa, amma amarci ya ɗauke mini hankali, na koma gidana. A garin su Baba, in masu ƙasa za su zagayo, wanda aka tarar gonarsa fes shi ake bar wa. Kwana uku ya yi yana sassabe shi kaɗai. Ya sare ƙayar gefen gonar kaf, ya tara, ya cinna wuta kamar yadda ubansa ke yi kafin damina. Daga nan kullum sai ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya tsinki kwandon kuɓewa don ya yi wa masu dubawa kyauta, ya zauna jira.

Maƙwabcinmu da ya raka shi ran da suka zo, shi ya ba mu labari. Ya ce Baba har da nuna musu kututturan, yana cewa su duba aiki. Suka nemi iƙama. Direba a gona, a wurin da aka hana, ga toka ƙarƙashin ƙafarsa. Kafilin ya ce ba ruwansa. Aka tsare Baba, kafin wata ya cika an sa shi a jirgi an mayar da shi gida.

Ban ga laifin dokar ba, tsuntsayen ma bayin Allah ne. Haushinsa na ji, na ji haushin kaina da ban zauna na tsare shi ba, kuma har yau ina kuka in na tuna kwandon nan.

Aka zagaye kwarin da shingen waya. Na je sau ɗaya na leƙa, na ga shukarsa ta bushe a tsaye, ba mai ikon shiga. A makon ya samu waya a Damagaram ya kira ni. Bai yi zancen tsarewar da aka yi masa ba, bai yi na jirgi ba.

"Wa ke ban ruwa?"

"Mijina, Baba."

"Allah ya yi masa albarka. Ki ce masa da yamma ake ba su, ban da rana. Ina nan tafe bayan Sallah."

Na ce to. Haka na yi ta ce masa to, Sallah bakwai, har aka bugo mana cewa ya rasu.