Tsakanin Tuba da Turombon

A shekarun da rediyo ya fara yawaita sa waƙa da kiɗa, ina cikin masu busa na wata ƙungiyar makaɗa a Jidda. Da safe ina aikin sito a tashar jirgin ruwa, bayan la'asar kuma in tafi gwaji a wani ɗaki da ke saman shagon yadi kusa da Bab Makka. Turombon nake busawa, ƙahon tagullan nan mai dogon hannu da ake turawa a jawo.

Wanda ya shigar da ni ƙungiyar wani dattijo ne Bahaushen Sudan, da ya yi badujalar soja a can kafin ya zo Hajji ya zauna. Ba mu haɗa jini ba, amma Kawu nake ce masa. Shi tuba yake busawa, ƙaton ƙahon da ake rungumewa kamar tulu. In Bahaushe ya tambaye shi sana'arsa sai ya ce, "Ni kullum cikin tuba nake," ya bar mutum yana ta sa masa albarka.

Shugabanmu ɗan Masar ne, Ustaz muke kiransa. Wata rana ya zo da sabuwar waƙa da za a ɗauka don rediyo. Ya ba masu goge da mai udu, molon nan na Larabawa, nasu takardun, ya rage layi ɗaya na can ƙasa, na ƙaho mai kaurin murya. Ya ce tsakanina da Kawu ɗaya kawai yake so, don ƙaho biyu za su danne mawaƙi.

"Yalla, kowa ya busa in ji," in ji shi. "Kunne zai raba gardama."

Kawu ya fara. Muryar tubarsa ta cika ɗakin, taushi gare ta kamar auduga, har katakon ƙasa yana rawa a tafin ƙafata. Sai aka zo wani wuri inda waƙar ke sauka a kan amon nan na kiɗan Larabawa wanda ke tsakanin amo biyu. Maɓallan tuba ba su san da shi ba. Kawu ya yi ƙoƙarin lanƙwaso shi da leɓe, jijiyoyin wuyansa suka tashi, amma ya saɓa da udu. Sau uku yana maimaitawa. A na ukun mai udu ya sunkuyar da kai.

Da aka zo kaina, na san turombon zai same shi, don hannun ana iya tsayar da shi ko'ina. Na kuma san Kawu ya kwana biyu ba a sa shi a ɗaukar waƙa ba, kuma haƙoransa na gaba sun fara girgiɗi. Saboda haka da na iso wurin sai na zarce da hannun da gangan. Amon ya fito kamar kukan jaki.

Ustaz ya yamutsa fuska. Kawu kuwa ya juyo, ya yi mini magana da Hausa a hankali, yadda sauran ba za su gane ba.

"Kai, ni za ka yi wa sadaka?"

"Kuskure ne, Kawu."

"Ni na koya maka riƙe wannan abin. Na san kuskurenka, na san ƙaryarka. Busa yadda Allah ya hore maka, ko in sauka in bar ɗakin nan."

Kunya ta rufe ni. Na nemi a sake, na busa daidai. Ustaz ya ɗaga sandarsa ya ce, "Halas, shi ke nan, turombon." Kawu ne ya fara gyaɗa kai.

Da muka sauko na so in ɗaukar masa tubar, ya hana. Muka ratsa kasuwa yana tafe da ita a baya, masu dako suna kauce masa. Sai da muka tsaya shan shayi ya ce, "Amon ka same shi, amma muryarka siririya ce. Iska a maƙogwaro kake tara ta. Ka zo gida ran Juma'a bayan an sauko."

Na yi ta zuwa har makonni huɗu. Yakan sa in kwanta a tabarma, ya ɗora mini dutsen niƙan matarsa a ciki, ya ce in ɗaga shi da numfashi. Matar tana daga kicin tana cewa mu dai mu maido mata da kayanta kafin magariba.

Ranar ɗaukar waƙar ya raka ni, ya zauna a benci a waje, don ba a barin wanda ba ya cikin kiɗan ya shiga. Da na fito ya tambaye ni sau nawa aka maimaita. Na ce sau biyu, kuma ba saboda ni ba. Ya ce to madalla.

Ya ci gaba da busa a bukukuwan makarantu da faretin yara har haƙoran suka zube. Daga baya babban ɗansa ya zo ya tafi da shi Sudan, da tubar a naɗe cikin bargo.