Ƙasusuwan da Garmata ta Tono

Ranar wata Laraba ce, a daminar da na bar makaranta daga aji uku, saboda ni da malamin lissafi mun kasa fahimtar juna. Ina huɗar gyaɗa a gonarmu ta bayan Toranke, gefen tsohon kufai, sai garmata ta daki wani abu ƙwas. Na tona da hannu ina zaton tukunyar mutanen da ce, sai ga ƙoƙon kai ya yashe min haƙora. Har gobe ina nan a kan bakana: ba gudu na yi ba, sauri na yi in kai rahoto.

Kafin azahar gona ta cika. Maƙwabcinmu Malam Sule, wanda ya daɗe da sa wa gonar ido, ya rantse kakansa ne, kuma inda kakan mutum ya kwanta nan ne gadonsa. Dattawa suka jera ƙasusuwan a tabarma, suka zaro kara daga danga suka gwada, yadda ake auna mamaci kafin a haƙa kabari. Karan ya ɗara babana tsawo. Suka ce namiji ne, mace ba ta kai haka. Babana ya zauna a kunyar gyaɗa yana bin shukarsa da kallo, don gonar nan ita ce tuwonmu.

Sai ga Iya Dije ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin, ta dawo daga itace. Ta kawar da karan, ta yi bisimilla ta ɗaga ƙashin ƙugu, ta zura dunƙulen hannunta ta tsakiya, ya wuce salin-alin. Ta ce na namiji matsattse ne, na mace kuwa ƙofa ce da aka yi don kan jariri. Sannan ta juya: "Sule, in wannan kakanka ne, to shi ya yi naƙudar ubanka." Har liman sai da ya rufe baki da rawani. Aka kai baiwar Allah maƙabarta, muka ci gyaɗarmu.

Yanzu jikata tana karatun likita a Kano. Ta ce masana ma ƙugu suke fara dubawa, sannan goshi da muƙamuƙi, tsawo kuwa yana ruɗi. Na ce mata wannan darasi a gona na sauke shi, kyauta. Iya Dije ta daɗe da bin doguwar matar nan, ba kuma wanda ya gaji idonta. Ita matar har yau ba mu san sunanta ba, amma in huɗa ta kawo ni wurin, nakan ɗaga garma in yi mata addu'a.